Kurakuran da aka fi yi wajen bin salsalar dangi a rajistar cocin Ingila

Wallahi gaggawa ce ta fi kayar da masu neman kakannin wani gida a Ingila. Mutum ya buɗe shafin intanet na binciken dangi irin su FamilySearch ko FreeREG, ya ga an yi wa wani John baftisma a 1760, sunan uba ya yi daidai, ƙauye ma daidai, shi ke nan ya ce ya samu kakansa. To ka leƙa littafin binnewa kuwa? Yara na mutuwa sosai a lokacin, kuma iyaye kan mayar wa sabon jariri sunan wanda ya rasu, ƙila John ɗin da ka kama tun yana goye ya koma, naka ƙaninsa ne. Littattafan nan uku, na baftisma da na aure da na binnewa, tare ake duba su, in ba haka ba sai ka ɓata wata da watanni kana bin zuriyar wasu.

Sai batun kalanda, wannan kam yana rikita mutane. Kafin 1752, ranar 25 ga Maris ce farkon shekara a Ingila, don haka in ka ga an yi wa yaro baftisma a Disamba 1740 an binne shi a Fabrairu 1740, marubucin bai yi kuskure ba, Fabrairun ce ta biyo baya. Ka rubuta 1740/41 kawai. Kuma ranar baftisma ba ita ce ranar haihuwa ba, wani sai ya yi wayo ake kai shi.

Kar ka kafe kan rubutun suna iri ɗaya, malamin coci yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

In ka tarar da giɓi a rajista kar ka karaya. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin ajiye rajista a coci-coci, amma da yawa daga rajistocin da suka rage a 1558 suka fara, na shekarun yaƙin basasar Ingila a 1640 da 'yan kai kuma sun yi rauni. Nemi kwafin rajistar da aka riƙa aika wa bishof duk shekara tun wajen 1598, yawanci yana ma'ajiyar tarihi ta gunduma. In dangin ba 'yan Angilikan ba ne, bi ta aure, don daga 1754 zuwa 1837 dole a cocin Angilikan ake ɗaurawa, ban da 'yan ɗarikar Kirista ta Quaker da Yahudawa.