Kurege mai tashi da laikin: inda ɗalibai ke yawan yin kwaɓa

Duk wanda ya taɓa duba takardun 'yan bayoloji ya san wannan matsalar, a ce su kwatanta kurege mai tashi na dazukan arewacin Amurka da laikin, wato wannan ɓawon mai ruwan toka ko kore-kore da ke manne jikin dutse da bishiya, sai kawai a rubuta "wannan dabba ne wancan tsiro ne" a wuce. To laikin ba tsiro ba ne. Haɗin gwiwa ne tsakanin fangas, dangin naman kaza, da algae, dangin gansakuka, ko wata bakteriya da ke haɗa abinci da hasken rana, shi fangas ya ba da gida su kuma su ciyar da shi. Wani masanin tsirrai, Simon Schwendener, ya faɗi haka tun 1867, masana da yawa suka ƙi yarda a lokacin. Sunan kimiyyar ma na fangas ɗin ake sa wa laikin, kuma abin mamaki fangas ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai, kenan laikin ɗin ya fi dangantaka da kuregen fiye da bishiyar da yake manne a kai.

Shi kuma kuregen kar ka sa shi layin jemage, ba fiffike gare shi ba, fata ce tsakanin ƙafar gaba da ta baya yake shimfiɗawa ya sulalo daga wannan bishiya zuwa waccan. Ɗan gidan su ɓera da gafiya da beguwa ne.

Wajen kare su daga ƙarewa nan ne aka fi ɓata abu. Mutane na ganin in an hana farauta shi kenan, alhali a tsofaffin dazukan jihohin Oregon da Washington na Amurka wannan kurege laikin Bryoria mai kama da gashin doki yake ci in sanyi ya yi tsanani, da shi kuma yake shimfiɗa sheƙa, ka sare dajin ka dasa sabbin itatuwa ba ka mayar masa da komai ba tunda laikin a hankali yake girma, wani 'yan milimita kawai a shekara.

Sannan rashin ganin suna a jan jerin IUCN, wato jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa na ƙungiyar kare halittu ta duniya, ba ya nufin lafiya lau, sai 2003 aka fara saka laikin a ciki, guda 2 kacal, don masu bincikensa kaɗan ne. Kuma don Allah a daina kankare shi daga bishiya wai cuta ce, ba ya tsotsar komai a jikinta, hayaƙin masana'anta mai sulfa ne ma ke kashe shi.