Tsatsa a jikin jirgin ruwan shaƙatawa: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Manyan jiragen ruwan da ke ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga Miyami zuwa tsibiran Karebiyan, ko daga Basalona su zaga Bahar Rum, yawancinsu farare ne tas. Farin fenti kuwa ba ya rufa asiri. Ɗigon tsatsa kamar ƙwayar gero, in ruwan sama ya bi ta kansa, sai ya ja jan layi mai tsawon kamu biyu a gefen jirgi, fasinja ya leƙo daga barandar ɗakinsa ya ɗauki hoto. Wannan jin kunyar ce ke sa ma'aikata gaggawa, gaggawar kuma ita ce uwar kurakuran.

Babban kuskure shi ne shafa fenti a kan gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, iska kuma tana watsa shi har hawa na goma. Ma'aikaci ya zo da injin gurza, ya kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya shafa fenti, ya tafi yana ganin ya gama aiki. Amma bai wanke da ruwan daɗi ba kafin ya fara, don haka gurzar da ya yi tura gishirin ta yi cikin ƙananan ramukan ƙarfen. Gishiri yana janyo danshi ta cikin fentin, bayan 'yan makonni wurin ya yi bororo, a latsa da ɗan yatsa ruwa mai launin shayi ya fito. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Gyaran ba wuya: a wanke da ruwan daɗi mai ƙarfin feshi, a bari ya bushe, sannan a kankare. In wurin ya kwana a buɗe a kan teku, gobe a sake wankewa.

Shi kansa kankarewar ana wuce gona da iri. Buroshin waya na inji, in aka daɗe ana danna shi wuri guda, yakan goge ƙarfe ya yi santsi kamar madubi, fenti kuma ba ya kama santsi, yana son ɗan kaushi da zai riƙe. Haka bakin tsohon fentin da ke kewaye da wurin, in aka bar shi a tsaye kamar gaɓar rafi, daga nan sabon zai fara ɗagowa. Sai an bi shi da sanfefa an kwantar da shi a hankali.

Akwai wani abin haushi da na ga mutane ba sa kawowa a rai. Ana gurza ƙarfe a hawa na sama, garin ƙarfen yana bin iska yana sauka a kan farin fentin da ke ƙasa. Da raɓa ta sauka, washegari wurin ya cika da jajayen ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda, alhali fentin lafiyarsa ƙalau. Tamfol ɗaya da wanki nan take sun wadatar.

Maganin goge tabo mai asid, wanda ake shafawa jan layin ya ɓace cikin minti kaɗan, yana da amfaninsa a safiyar da baƙi za su hau jirgi. Sai dai tabon kawai yake ɗaukewa. A bi layin sama a ga daga ina ya taso: galibi magudanar ruwa ce ta toshe, ko ƙasan wani noti, ko bakin walda da fenti bai rufe sosai ba. Fenti yakan janye daga kaifin kusurwa ya yi siriri, shi ya sa masu aikin ƙwarai ke fara bin kusurwoyi da layin walda da ƙaramin buroshi kafin su shafe sauran da rola.

Lokaci ma ana kuskurensa. Asuba ta fi daɗin aiki don fasinjoji na barci, amma a lokacin ƙarfe ya yi sanyi, raɓar da ido ba ya gani tana kwance a kansa. Ƙa'idar masu fenti ita ce zafin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa, wato matakin sanyin da raɓa ke fara kwanciya, da aƙalla digiri 3, laimar iska kuma kada ta wuce kashi 85 cikin ɗari. Fentin ifoksi kuwa, wanda sai an gauraya ruwa iri biyu kafin a shafa, ba a auna haɗinsa da ido. In aka buɗe gwangwani aka tsiyaya "kamar haka ya isa", ko dai ya ƙi bushewa ko ya yi ƙarfi ya tsage. Kuma rana tana cin sa har ya koma kamar alli, dole a ɗora masa fentin sama mai jure rana.

Haɗa ƙarafa iri biyu shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ƙusa mai ƙyalli wadda ba ta tsatsa, in aka ɗaura ta kai tsaye a jikin alminiyum ruwan gishiri ya jiƙa su, alminiyum ɗin ne zai rinƙa cinyewa yana fitar da farin gari. A raba su da zoben roba ko man shafawa na musamman. A ƙasan jirgi kuwa da gangan ake amfani da wannan halin: ana manna tubalan tutiya ko alminiyum don su cinye a madadin ƙarfen jirgin. Sabon shiga da ya ga sun yi kaca-kaca ya shafe su da fenti, ya kashe aikinsu ke nan.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa sai jirgi ya shiga ramin gyara, inda ake janye ruwan a bar shi zaune a kan tubala, kamar na Firifot a Bahamas ko na Kadis a Sifaniya. A ƙa'ida jirgin fasinja yana shiga sau biyu cikin shekara 5. Fentin ƙasan jirgi mai gubar da ake kira TBT, wadda ke hana halittun ruwa mannewa, an haramta shi a duniya tun 2008, don haka gansakuka da ƙananan halittu masu ƙwanso sai an sa musu ido a kai a kai. A ƙarshen 2022 jirgin Viking Orion ya rasa izinin shiga tashoshi da dama a Niyu Zilan da Ostareliya saboda halittun ruwan da suka manne a ƙasansa, fasinjoji suka yi kwanaki a kan ruwa har masu nutso suka kankare shi daura da gaɓar birnin Adeled na Ostareliya.