Yadda Ake Binciken Cin Zarafin Yara a Unguwa Ba Tare da An Tona Asirin Yaro Ba

Idan ƙungiyarku ko kwamitin Islamiyyarku a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 da ke Legas na son sanin halin da yara ke ciki, kada ku fara da takardar tambayoyi. Ku fara da sanin inda za ku kai yaro in ya buɗe baki. Binciken ƙasa na 2014, wanda Hukumar Ƙidaya ta yi tare da UNICEF, ya gano cewa yara shida cikin goma sun ɗanɗana cin zarafi kafin shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sau da yawa ku ne za ku fara ji.

Ku riƙe lambar gaggawa ta 112 ko 767, ku san hanyar Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72 bayan fyaɗen. Kayan jikin yaron a naɗe su a takarda, domin leda na tara gumi ta lalata shaida.

In za a bi gida-gida, a kowane gida a zaɓi yaro ɗaya ta ƙuri'a. Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. A binciken 2014 har unguwannin aka raba, inda ake tambayar 'yan mata ba a tambayar samari, don kada mai laifin ya gano abin da ake tambayar wadda ya cuta. Ga maigida, a ce bincike ne kan lafiya da rayuwar yara, a nemi izininsa, sannan a nemi yardar yaron shi kansa, a gaya masa tun farko cewa in yana cikin haɗari za a nema masa taimako.

Wurin zama shi ne babbar matsala a Legas. A gidan haya mai ɗakuna jere, bango ba ya riƙe magana. A zauna inda ake ganinku amma ba a jin ku, kuma da zarar wani ya matso a koma hirar makaranta ko abinci.

Kada a ce "an ci zarafinka?" Yaron da ya tashi yana ɗaukar duka a matsayin tarbiyya zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba. A ambaci aikin: "Akwai wanda ya taɓa naushinka, ko ya shaƙe ka, ko ya ƙona ka da gangan? Cikin wata 12 da suka wuce fa?"

Bin gida-gida yana tsallake almajirai da yaran da ke kwana a kasuwa, su kuwa sun fi kowa shan wuya, saboda haka a ware musu nasu zagayen. A takarda a sa lamba maimakon suna, kuma kada hotonta ya shiga WhatsApp.