Yadda Mai Ƙiba Zai Fara Hawan Keke

Keke ya fi gudu sauƙi ga mai jiki, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, gwiwa ta huta. Amma in kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙirji, fara ganin likita.

Da farko, nemi keke mai faɗin taya da ƙarfin ƙafafu, ka tambayi iyakar nauyin da yake ɗauka. Kyan fenti ba ya ɗaukar mutum.

Sai gyaran sirdi, inda yawancin sababbi ke kuskure. Zauna, ɗora diddige kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe sosai. In sirdin ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta sha wuya.

Duba iska da birki, sa hular kwano, ɗauki ruwa.

Fara da minti 10 zuwa 15 a hanya marar tudu, sau uku a mako, ka sa giyar keken a mai laushi. In ba ka iya magana kana tuƙi, sassauta. Mazaunai za su yi tsami a kwanakin farko, daga baya su saba.

Kowane mako ƙara minti biyar, har ka kai minti 150 a mako, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Jiri ko ciwon ƙirji kuwa, sauka nan take.