Yadda ake nemo madabod ga tsohuwar kwamfutar tebur

A shagunan buga takardu na Gusau, daga Tudun Wada har Sabon Gari, akwai kwamfutocin da suka haura shekara 10 suna aiki. Ran da ɗaya ta ƙi tashi, sai mai gyara ya ce bod ya ƙone, wato madabod, babban allon da sauran kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa, a nemi sabuwar kwamfuta. Ni kam ina jin zafin ganin an watsar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai lafiya, alhali allon da yake zaune a kai kawai za a sauya.

Da farko ka tabbatar madabod ɗin ne. Cire ram, wato siririn katin nan na ma'adanar wucin gadi, ka goge bakinsa mai ruwan zinariya da abin goge fensir, ka busa ƙurar hunturu daga ramin, ka mayar. Sauya ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Ari akwatin wuta, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, a wajen maƙwabci ka gwada, domin shi wutar nefa ta fi kashewa. Sannan ka duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon: samansu a shafe yake, in ka ga ya kumbura ko ya fitar da abu mai launin tsatsa, allon ya gaji.

Na biyu, kuma nan ne maganar take: ka san sunan furosesanka. Kwance fanka, goge busasshen man da ke kansa, za ka ga rubutu kamar i5-3470. In lambobin huɗu ne, ta farko bayan ɗan layin ita ce zubinsa, wato wannan zubi na 3 ne. Kowane zubi da mazauninsa, wanda masu gyara ke kira soket. Core 2 Duo na zama a LGA 775. Zubi na 2 da na 3, na shekarun 2011 da 2012, suna zama a LGA 1155. Na 4 sai LGA 1150. A ido 1155 da 1150 kamar Hassan da Hussaini suke, amma ɗaya ba ya shiga gidan ɗaya, in ka danna da ƙarfi ka lalata allon. LGA 1151 ya fi su ruɗi: zubi na 6 da na 7 suna aiki a allo irin H110, na 8 da na 9 kuwa sai allon jerin 300, duk da sunan mazaunin ɗaya ne. Haka tsohon allon H61, yakan ƙi zubi na 3 sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin allon mai tada kwamfutar. Tambayi mai sayarwa ko an yi.

Ram ma sai ya dace. Allunan 1155 da 1150 DDR3 suke ɗauka, yawancin na 775 kuwa DDR2.

Na uku, dubi gidan kwamfutar. Da yawa daga cikin HP da Dell na ofis ba sa amfani da filogin wuta na gama-gari mai baki 24, nasu daban ne, mai 6 ko 8. Wannan ya taɓa cina: na tura kuɗi Kano, allo ya iso da soket daidai, amma wayar wuta ta ƙi shiga, ko ramukan noti ba su hau ba. In irin wannan ce taka, kwafi lambar da ke manne a jikin tsohon allon, ka nemi irinsa sak.

Sai saye. In babu a nan gida, titin Beirut a Kano ya fi kusa, sai Computer Village a Ikeja, kuma kusan duk na hannu ne. Kafin ka biya, ka ce, “Alhaji, don Allah kunna min shi a bidiyo har ya nuna a allon kallo.” Nemi hoton soket ɗin daga kusa, da haske. A allunan Intel ƙananan alluran suna jikin madabod ne, ko guda ta lanƙwashe za ka gan ta tana ƙyalli daban da 'yan uwanta. Ku yi magana kan mayarwa tun kafin a ba direba a tasha.

Wajen ɗaurawa, taɓa ƙarfen gidan kafin ka taɓa allon. Daidaita alamar kusurwa ta furosesa da ta soket, ka ajiye shi a hankali ba dannawa. Ɗiga sabon man sanyaya kamar ƙwayar wake, ka ɗaure fanka. Kunna da ram guda ɗaya tukuna. Windows na iya neman a sake tabbatar da lasisi tunda allo ya sauya. Kafin ka jona ta da wutar gari ko janareta, sa mata sitabilaiza.