Daga fada zuwa ƙungiya: yadda ake neman tallafin gwamnati a Tawa

Kusan kowane mako sai wani ƙane ya tare ni bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, an ce kun samu tallafi, mu ma ka sa mu a hanya." Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar matasa a nan Tawa, wadda ta faro daga fada: tabarma, butar shayi, da mu 14.

Tambayata ta farko kullum ita ce, kuna da takarda? Ko sunan fadarku ya cika bangon unguwa, gwamnati ba ta san da ku ba sai kuna da izini a rubuce. Dokar ƙungiyoyi a Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, tun zamanin Janar Kunce, lokacin da Samariya ke tashe. Ku kira babban taro, ku zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu. Ku tsara dokokin ƙungiya da na cikin gida. Ƴan biro, wato shugabannin da aka zaɓa, su tanadi takardar ɗan ƙasa da ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. Sai ku haɗa dosiye ku kai ma'aikatar magajin gari, ko wajen prefe idan kuna ƙauye. Za a ba ku takardar shaidar ajiya ta wucin gadi, amma izinin gaske daga ministan cikin gida yake fitowa a Yamai. Yana ɗaukar lokaci, sai an riƙa leƙawa. Mu har an san fuskata a ofishin.

Amma kafin ku kashe kuɗin tambur, ku tsaya ku tambayi kanku me kuke so. Ƙungiya irin wannan ba ta raba riba. Idan nufinku noman albasa ne kamar mutanen Galmi, ko kiwon tumaki ku sayar da layya ku raba abin da aka samu, to koperatif ya dace da ku. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, mutum 5 sun isa su kafa ƙaramin koperatif, wanda ake kira SCOOPS. Na ga samari sun yi shekara suna bin izinin ƙungiya, daga baya aka ce musu ba shi ake nema ba.

Da takarda ta fito, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, a banki ko a asusun ajiya da lamuni, da sa hannun mutum biyu. Mu dala 100 kowa yake zubawa a mako. Ba ta da yawa, amma littafin da ke nuna shekara biyu muna zubi ya fi kowane dogon jawabi aiki a gaban mai ba da tallafi.

Ƙofofin kuwa ba ɗaya ba ne. Ku fara da ofishin matasa da wasanni na jiha, ku kai kwafin takardunku a san da ku, domin ta nan sanarwa take biyowa. Asusun gwamnati da ake kira FAFPA yana biyan kuɗin koyon sana'a, ɗinki, walda, gyaran babur da makamantansu. ANPE, hukumar samar da aikin yi, ta masu neman aiki ce da masu digiri da ke son gwajin aiki. Masu noma da kiwo su tambayi FISAN, ma'aikatar da ke riƙe da asusun tallafa wa wadatar abinci, amma su sani tallafinta yakan zo haɗe da bashin banki da kuma kason da kai za ka kawo. Ku cire ran cewa za a miƙo muku jakar kuɗi. Mafi yawan abin da ake samu horo ne da kayan aiki.

Ma'aikatar magajin gari kuma lokaci take so. Shekarar kuɗi daga Janairu take farawa, kasafin kuma ana shirya shi tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Wanda ya kai buƙatarsa a watan Maris ya iske an raba tuwo. Ku nemi ganin tsarin raya gari, wanda ake ce ma PDC, ku duba inda aikinku ya shiga, ku ambace shi a wasiƙarku.

Wasiƙarmu ta farko, har yau ina jin kunyarta. Mun nemi miliyan 5 "domin ci gaban matasa", shi ke nan. Ko amsa ba mu samu ba, kuma da ni ne a kujerar nan, ni ma ba zan amsa ba. Ta biyu shafi 3 ce: kekunan ɗinki 6, samari da ƴan mata 12 da sunayensu, wata 6 na koyo, ɗakin da mahaifin ɗayanmu ya ba mu aro, da takardar farashi daga shaguna 3 na kasuwa. Muka ƙara da cewa 4 daga cikin samarin sun dawo ne daga Libiya hannu wofi. Da Faransanci ake rubutawa, saboda haka ku nemi wani malamin lakwal ya duba muku. Duk wanda ya ce ku ba shi kaso ya tura muku dosiye, ku yi masa godiya ku wuce.

Ranar da kaya suka iso, ranar aikin ma'aji yake farawa. Kowace jikka da ta fita, a karɓi resi mai hatimin shago, ko ta zare da allura ce. Ni a cikin leda nake adana su, saboda damina ta taɓa cinye mini guda 7, sai da na bi masu shago ɗaya bayan ɗaya suka sake rubuta mini. Ku ɗauki hoton kayan da na masu koyo, ku rubuta rahoto ku kai kafin a tambaye ku, kuma ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafin da za ku koma da shi gida.