Idan Firgici Ya Taso wa Yaron da Ya Ga Tashin Hankali

Zuciya na bugawa, numfashi sama-sama, gumi da karkarwa: firgicin yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, sannan ya lafa. Ku sallami 'yan kallo, ku zauna daidai tsayinsa, ku ce, "Ina tare da kai." Ku ja numfashi tare, a ƙirga 4, a fesar a hankali zuwa 6, domin saurin numfashi ne ke kawo jiri. Ya ambaci abubuwa 5 da yake gani.

Kada a yi masa tsawa ko a tilasta shi ba da labarin, tsoron ƙaruwa yake yi. Maganin barci kuwa sai da izinin likita.

Idan mugun mafarki da razana suka wuce wata 1, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ga yara, jinya ta tattaunawa tare da iyaye ake fara yi.